Daga Masaƙun Kakuri Zuwa Ankon Yau

'Yan'uwa mata, tunda bikin zagayowar shekarar ƙungiyarmu ya sake haɗa mu, bari mu waiwayi tarihin abin da kowaccenmu ta ɗaura ta zo da shi yau, wato zane.

Da yawa daga cikin iyayenmu masaƙa ce ta kawo su kudancin kogin Kaduna. A 1957 aka buɗe Kaduna Textiles a Kakuri, lokacin Sardauna Ahmadu Bello yana Firimiyan Jihar Arewa. Cikin shekarun 1960 sai ga Nortex da Arewa Textiles da UNTL. Auduga na zuwa daga ƙasar Zazzau da Funtuwa da Gusau, unguwannin Kakuri da Makera da Nasarawa suka cika da ma'aikata. Mu nan Mahuta matatar mai da aka buɗe a 1980 ce ta fi jawo jama'a, amma da wuya ka sami gidan da ba shi da ɗan'uwa a masaƙa. Mata kuwa a bakin ƙofar masaƙun suka koyi sana'a: koko da ƙosai da asuba, shinkafa da wake in an tashi aiki.

Ko a lokacin akwai gasa, kada mu yi wa kanmu ƙarya. Mai atamfa 'yar Holan tana yi wa mai 'yar Kaduna kallon sama da ƙasa. Sai dai turmin Holan ba na kullum ba ne, a akwati yake kwana. Zanen yau da gobe na gida ne, kuɗinsa kuma cikin garin nan yake juyawa.

Daga 1986 abubuwa suka fara juyewa. Gwamnatin Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu, darajar naira ta faɗi, rini da kayan gyaran injuna da ake sayowa daga waje suka yi tsada. Wutar lantarki ba ta tsayawa, baƙin man da ake hura tukwanen masaƙa da shi ya yi wuya. A 1995 Najeriya ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, ƙofa ta ƙara buɗewa. Atamfar Sin ta riƙa kwararowa, wata ta tashar jirgin ruwan Kwatano, ta ratsa Nijar, ta sauka Kantin Kwari a Kano. Zanen fure iri ɗaya da namu, kuɗi kuwa ƙasa sosai. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, UNTL ta tsaya a 2007.

Ga inda maganar ta zo kanmu. Su wa suka sayi wannan atamfa? Mu ne. Ba ma zargin kowa, mace mai 'ya'ya biyar ba za ta bar mai araha ta ɗauki mai tsada ba. Amma arahar ba ta sa mun rage kashe kuɗi ba, sai ma ta buɗe mana sabon fagen gasa. Ankon da a da sai aure, ya koma na suna, na kamu, na walimar gama makaranta. Wance ta fitar da anko kala biyu, to ke ma sai uku, don kada a ce kin gaza.

Da mazaje suka dawo gida ba aiki, nauyi ya faɗo kanmu, kuma nan ma gasa muka fara. Mu biyar a layi ɗaya muna sayar da manja da garin rogo, kowacce na karya farashi don ta janye mai saye, ƙarshenta duk mu tashi ba riba. Wannan wahalar ce ta koya mana haɗa kuɗi mu sayi buhu a sari mu raba, adashi kuma ya girma ya zama asusu mai littafi da ma'aji.

Yanzu gasar ta koma cikin waya. Kafin a ɗaura aure an riga an saka hoton anko a WhatsApp, da farashinsa, da ranar rufe karɓar kuɗi. Har ta kai wasu cikinmu na neman rancen jari, rabinsa ya tafi wajen tela. Kwamitin bashi ya nemi a sa wannan batu a taronmu na gaba: shin a ware wani ƙaramin asusu na biki daban, ko kuwa rance ya tsaya kan sana'a kawai? Kowacce ta yi shawara da mutanen gidanta kafin ranar.