Auna Makamashi daga Gawayin Kirya zuwa Hasken Leza

Maƙeran Jega, garin da kasuwarsa ta shahara tun ƙarni na 19, ba su yi aiki da kwal ba, wato gawayin da ake haƙowa daga ƙarƙashin ƙasa, domin gawayin kirya suke zuga wa wuta, suna gane nagarinsa da nauyinsa da ƙarancin tokarsa. Kwal ya shigo tarihin Nijeriya bayan an gano shi a Udi a 1909, ya zama makamashin jiragen ƙasa, a Nijar kuwa kamfanin SONICHAR, wanda aka kafa a 1975, yana ƙona shi domin bai wa mahaƙar yuraniyom ta Arlit lantarki.

Yawan toka har yau babban aibi ne ga kwal, sai dai hanyar auna shi ta sauya. Tun 1962 masana suka nuna cewa idan aka harba leza, wato siririn haske mai ƙarfi, a kan abu, ɗigon da ya taɓa yakan zama tururi mai tsananin zafi mai fitar da haske, kuma tun da kowane sinadari yana da launukansa, na'ura na iya karanta yawan kabon da sinadaran toka cikin daƙiƙoƙi, ba sai an kai samfur ɗakin gwaji ba.