Tafiya da Jariri a Jirgin Ƙasa: Daga Filin Jirgin Sama na Abuja Zuwa Garuruwan Jihar Kaduna

Da yawa daga cikin 'yan jiharmu da ke dawowa daga ƙasashen waje, ko daga kudancin ƙasar nan, suna sauka ne a Filin Jirgin Sama na Nnamdi Azikiwe da ke Abuja, sannan su nufo gida ta jirgin ƙasa. Mun tanadi wannan bayani domin iyayen da ke ɗauke da jariri. Abin da muke son a riƙe shi ne, jirgi a tasha yake sauke mutum, ba a ƙofar gida ba. Don haka a tsara tafiyar yadda za a isa ƙauye kafin faɗuwar rana.

Hanyar da Ake Bi

Tafiyar zango uku ce. Zango na farko shi ne daga filin jirgin sama zuwa tashar Idu, a jirgin ƙasa na cikin birnin Abuja. An buɗe wannan layi a shekarar 2018, ya tsaya a 2020 saboda annobar korona, aka kuma dawo da shi a watan Mayun 2024.

Zango na biyu shi ne daga Idu zuwa Rigasa, a kan layin dogo mai tsawon kilomita 186 wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a watan Yulin 2016. Tafiyar takan ɗauki fiye da sa'o'i biyu. Bayan Kubwa, layin ya ratsa ta Jere a Ƙaramar Hukumar Kagarko, da Rijana a Kachia, da Kakau a Chikun, ya ƙare a Rigasa cikin Igabi. Ba kowane jirgi ne ke tsayawa a ƙananan tashoshi ba, saboda haka mai niyyar sauka a ɗayansu ya tabbatar da hakan kafin ya yanki tikiti.

Zango na uku na mota ne. Daga Rigasa, masu zuwa Zariya da garuruwan arewacin jihar sukan nufi tashar Kawo, masu zuwa Kachia da Kafanchan kuma tashar Television. Wannan zango ya fi sauran wahala ga jariri, domin motar haya ba ta tashi sai ta cika.

Tikiti da Lokaci

Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya ta fara sayar da tikitin wannan layi ta intanet a 2021. Bayan harin da aka kai wa jirgin ranar 28 ga Maris, 2022, an dakatar da zirga-zirga har zuwa Disamban shekarar, kuma da aka dawo sai aka wajabta lambar shaidar ɗan ƙasa wajen sayen tikiti. Jadawalin jirage yakan sauya, don haka a duba shi ana gobe tafiya.

Muna ba da shawarar a bar tazara mai yawa tsakanin saukar jirgin sama da tashin jirgin Idu, saboda jiran kaya da sauyin jirgi. Wanda ya sauka da yamma, gara ya kwana a Abuja ya bi jirgin safe. Haka nan wanda ya iso Rigasa da magariba, ya kwana a Kaduna. Gaggawa aikin shaiɗan ce, balle ga mai goyo.

Kula da Jariri a Hanya

Goyo da zani ya fi keken tura jariri sauƙi wajen hawa da sauka, yana kuma sake wa uwa hannuwa. Taragun suna da na'urar sanyaya wuri, don haka a riƙe mayafi mai kauri, da hula, da safa, musamman a lokacin hunturu. A ware ƙaramar jaka mai ɗauke da ƙunzugu, da kayan canji, da sabulu, da leda ta zuba abin da ya ɓaci, kada a haɗa ta da manyan kaya.

Jaririn da bai kai wata shida ba, nonon uwa kaɗai ya ishe shi, ba ya bukatar ruwa ko da ana zafi. Ita uwar ce za ta yawaita sha. Wanda ya wuce wata shida, a haɗa masa kununsa da tafasasshen ruwa daga filas, a guji ruwan da ba a san asalinsa ba.

Bayan An Isa

A taho da katin rigakafi. Ana yi wa jariri allura a lokacin haihuwa, da mako 6, da 10, da 14, sannan ta ƙyanda da shawara a wata 9. Idan ranar ta riski iyaye a ƙauye, cibiyar lafiya a matakin farko mafi kusa za ta ci gaba daga inda katin ya tsaya. Jiharmu tana da mazaɓu 255 a ƙananan hukumomi 23, kuma yana da kyau a tambayi dangi inda cibiyar mazaɓarsu take tun kafin a taso.

A kwantar da jariri cikin gidan sauro tun daren farko. Idan gudawa ta kama shi, a ci gaba da shayarwa, a ba shi ruwan gishiri da sukari, a kai shi asibiti. Zazzaɓi, ko ƙin kama nono, ko saurin numfashi a jaririn da bai kai wata biyu ba, abu ne da ba a jira wayewar gari a kansa.

Allah Ya kai kowa gida lafiya, Ya raya mana zuri'a.