Kurtu, Hatimi da Daftari: Kayan Rubutun Iyayenmu a Mai Wurno

Da kwamitin bikin zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu ya nemi kowa ya kawo wani tsohon abu na sana'a a baje a zauren taro, mun zaci hotuna za mu gani da tsofaffin takardun kuɗi. Sai ga wani dattijo cikin membobinmu na Mai Wurno ya aiko da ɗan akwatin katako na mahaifinsa. A ciki akwai kurtun tawada da ta bushe tun tuni, da alƙaluma uku na gamba, da hatimin tagulla, da guntun fensirin kobiya, da daftari guda wanda gara ta ci gefensa. Da wannan ɗan akwati mai shi ya yi fatauci tsakanin Sinnar da Kano shekara da shekaru, ba banki, ba waya.

Yadda irin waɗannan kaya suka zo bakin Nilu ba ɓoyayyen labari ba ne. Bayan Turawan Ingila sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi hijira ya nufi gabas. Aka tare shi a Burmi, cikin Jihar Gombe ta yau, ya yi shahada a watan Yuli. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a, Fulani da Hausawa, har suka sauka Shehu Talha a bakin Shuɗin Nilu wajen 1906, daga baya aka kafa garin da ke ɗauke da sunansa, kudu da Sinnar. Masu hijira sun zubar da kaya da yawa a hanya, amma malami bai yar da gafakarsa ba. Cikinta akwai littattafai, kurtu kuwa yana rataye a gefe.

Kurtun nan ɗan duma ne aka fafe, aka yi masa marfi da maratayin fata. Tawada iri biyu ce. Ta allo gawayi ne da ƙaro, a wanke ta fita. Ta takarda kuwa ana dafa ta da bagaruwa da kashin maƙera, kuma in ta kama takarda ta zauna ke nan. Wadda aka rubuta shafukan farko na daftarin nan da ita ta koma ruwan ƙasa, amma kowane baƙi yana karantuwa, alhali rasidin da aka buga mana bara a na'ura ya riga ya koɗe. Ƙaro bai yi wa iyayenmu wuyar samu ba a Sudan, tunda Kurdufan ce gidansa. Takardar ma tana da nata tarihin. Duk wanda ke da tsohuwar wasiƙa a gida ya ɗaga ta ga rana. In ya ga jinjirin wata uku a jere cikin jikinta, to ta Italiya ce, irin wadda ake kawowa ƙasar Hausa ta Tarabulus da Masar tun kafin zuwan Turawa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne yadda hannun rubutu ya sauya a cikin daftari ɗaya. Shafukan farko da ajami suke, rubutun gida: fa'un da ɗigo a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama. Can tsakiya sai wani hannu ya karɓa, fa'un ta koma ɗigo a sama, ƙaf ɗigo biyu, Larabci ya fara rinjayar Hausa. Dattijon ya ce hannun yayansa ne, wanda ya yi makaranta a Sinnar. Ko ba a faɗa ba, mai duba shafukan zai gane inda ɗan da aka haifa a Sudan ya zauna a tabarmar ubansa.

Sai hatimi. Wasiƙun sarakunan Daular Usmaniyya da hatimi suke fita, don haka ba a Sudan aka fara saninsa ba. Sai dai a nan ya sauko hannun talaka. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, noman auduga na Jazira ya kankama, mutanenmu suka shiga harkar da sai da takarda: lada, haya, lasisi, haraji. Wanda ba ya sa hannu da Larabcin ofis sai ya je wurin masassaƙin hatimi, a zana masa sunansa a juye a kan 'yar tagulla, sau da yawa har da shekarar Hijira. Mutum yakan ɗaure shi a zare tare da makullin akwati. Ba a ba da aronsa ko ga ɗa, domin duk abin da aka buga shi a kai ya hau wuyan mai shi. Takardar amana mai hatimi takan bi ayari ta Ubayyid, Fashir, Jinaina, Abeshe, Fort Lami da Maiduguri har Kano, fatoma ya duba alamar ya saki kaya, bai taɓa ganin fuskar mai aiken ba.

Fensirin kobiya ya zo daga baya, kuma manyanmu suna tuna shi da dariya. Sai an lasa yake ba da launin shuni wanda ba ya goguwa, shi ya sa ake gane magatakardan kasuwa da harshensa. Bayansa Parker ya shigo aljihun manyan 'yan kasuwa, biro ya kori kowa, tambarin roba ya ture na tagulla.

Lissafin kansa ya isa darasi. A shafi ɗaya mun ga liyari, wato azurfar nan mai kan Mariya Tereza wadda kowacce ke ɗauke da 1780 ko yaushe aka buga ta. Ga fam ɗin Masar da girshi, waɗanda aka yi ta ciniki da su har Sudan ta fitar da nata fam a 1957. Ga sefar Chadi, ga fam da sule na Nijeriya kafin naira ta zo a 1973. Mu da muke kukan canji da kalkuleta a hannu, iyayenmu da ka suka yi shi.

Masu sayen kayan tarihi sun daɗe da sanin darajar waɗannan abubuwa. Dawayar tagulla mai haɗe da gidan alƙalami, irin ta Masar da ake sokewa a ɗamara, an sha ganinta a shagunan kayan da na kasuwar Umdurman, kamar yadda ake ganin kurtu da gafaka a Kurmi. Ba mu ga laifin mai saye ba, mu ma saye da sayarwa muke yi. Illar ita ce rarrabawa: hatimi ya tafi wani wuri, daftari a yage shi a ƙunshe gyaɗa, kurtu ya zama adon kanta. Hatimin da ba a san mai shi ba, ba a san takardar da ya buga ba, nauyin tagullarsa kawai ya rage.

Yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilu na 2023 ya ƙara tsananta lamarin. Madani ta faɗi a ƙarshen shekarar, wuta ta iso Jihar Sinnar a 2024, gidaje da yawa suka fita da abin da hannu zai ɗauka. Gidan tarihi na ƙasa da ke Khartum ma bai tsira daga wawaso ba, balle akwatin tsoho a ƙarƙashin gado. Wasu sun sayar da nasu don kuɗin mota, kuma babu mai bakin zarginsu.

Don haka ƙungiya ba ta neman kowa ya rabu da gadonsa. Roƙonmu a ɗauki hoton kowane abu tare da takardun da ke tare da shi, a rubuta sunan mai shi, da garin da ya zauna, da hanyar da yake bi, a miƙa wa sakataren reshe. Za a ajiye kwafi a fiye da ƙasa ɗaya. A guji shafa wa tagulla man goge ƙarfe, yana cinye zanen. Takarda kuma kada a liƙa mata salatif.

Akwai kuma wata magana da ta taso daga daftarin dattijon. Al'adar mai shi ita ce in an biya bashi ya ja layi a kai. Duk shafukan an ja, sai wuri ɗaya kusa da ƙarshe: kuɗin fatu, amanar wani mutumin Kano mazaunin Fagge, da kobiya aka rubuta, ba layi. Dattijon ya ce bai sani ba ko an biya aka manta, ko ajali ne ya riga. Ya ba sakatare sunan, ya roƙi membobinmu na reshen Kano su taya shi neman magada.