Tarihin bakod: layukan da ke bayan kwalin kaya

 Ɗauko kwalin madara ko na magani ka juya bayansa. Waɗannan baƙaƙen layukan da lambobi a ƙasansu su ne bakod, kuma sai da suka yi zaman jiran shekara ashirin kafin a fara cin moriyarsu.

Tun 1952 wasu Amurkawa biyu, Norman Woodland da Bernard Silver, suka samu takardar mallakar fasahar. Nasu zanen da'ira ne cikin da'ira. To amma fa mai kanti ba zai sayi na'urar karantawa ba alhali babu alama a jikin kaya, shi ma mai masana'anta ba zai buga alamar da kanti ɗaya kaɗai ke ganewa ba. Kowa na jiran kowa.

A ganina ainihin ƙirƙirar a 1973 aka yi ta, lokacin da masu kantuna da masu masana'antun abinci na Amurka suka amince da tsari guda. Sun zaɓi zanen George Laurer na kamfanin IBM, kuma dalilin mai sauƙi ne: idan tawada ta zirara wurin bugu, da'ira takan lalace, su kuwa miƙaƙƙun layuka tsawo kawai suke ƙarawa, na'ura ta karanta abinta. Ranar 26 ga Yuni, 1974, a wani kanti a garin Troy na jihar Ohio, aka fara sayar da kaya ta wannan hanya. Me aka saya? Fakitin cingam.

Turai ta bi sahu a 1977 da tsari mai lamba 13, daga baya ɓangarorin biyu suka haɗe a ƙungiyar GS1. Shi ya sa sabulun da aka yi a Sin kwamfutar kanti a Kano ko Dubai za ta gane shi nan take. Babu farashi a cikin layukan, lambar kayan ce kawai, kwamfuta ke nemo sauran bayani a rumbunta.

Akwai kuskuren da ake yawan yaɗawa a WhatsApp, wai lambobi ukun farko suna nuna ƙasar da aka ƙera kaya. A'a. 615 na Najeriya ne, 690 zuwa 699 na Sin, amma abin da suke nunawa shi ne inda kamfani ya yi rajistar lambarsa. Kaya mai 615 zai iya fitowa daga masana'antar Guangzhou.