Me ke hana hoto da bidiyo sauka a waya a kan iyakar Bagudo?

A garuruwan ƙaramar hukumar Bagudo ta jihar Kebbi da ke dab da Jamhuriyar Benin, kamar Tsamiya da Lolo, wayar salula ta zama wani ɓangare na ciniki.

Da ita ake aika hoton buhunan shinkafa ko na dabbar da ake son sayarwa, kuma da ita ake turo hoton shaidar biyan kuɗi kafin a ɗora kaya a mota ko a kwale-kwale a kogin Neja.

Sai dai sau da dama saƙon kan iso amma hoton ya tsaya dishi-dishi, da'irar da ke kansa tana ta juyawa. Mutane da dama kan ɗauka wayar ce ta lalace, su nufi wurin mai gyara. A yankin kan iyaka kuwa, abin da ya kamata a fara dubawa shi ne kamfanin da wayar ta kama.

Wayar da ta tsallaka iyaka

Tsamiya na fuskantar Segbana ne, Lolo kuma na kusa da Madekali a yankin Malanville. Sabis ɗin waya ba ya tsayawa a shingen kwastam, saboda haka turakun sadarwar kamfanonin Benin, wato MTN Benin da Moov Africa da kuma Celtiis da ya fara aiki a 2022, kan kai har cikin ƙauyukan Najeriya.

Idan sabis ɗin gida ya ɓace, wayar da ke ɗauke da layin Najeriya na iya komawa kan turken maƙwabta da kanta, ko da mai ita na zaune a zaurensa. Wannan shi ake kira romin. Alamarsa ita ce harafin R a saman waya kusa da sandunan sabis, ko kuma baƙon suna a inda aka saba ganin sunan kamfanin gida.

Daga nan abu biyu ke iya faruwa. Idan an kashe datar romin a saitin waya, kamar yadda akasarin wayoyi ke zuwa, intanet zai yanke baki ɗaya, ko rubutu ba zai shigo ta WhatsApp ba.

Idan kuma a kunne take, rubutu zai shigo amma hoto ba zai sauka da kansa ba. Dalili shi ne a wayoyin Android manhajar ta raba umarnin saukar da hotuna gida uku: lokacin amfani da datar waya, lokacin Wi-Fi, da lokacin romin. Na ukun kan zo ne a rufe, domin kare aljihun mai waya.

Ana iya danna kibiyar da ke kan hoton a sauke shi da hannu, amma a nan ne kuɗi ke zurarewa. Datar da aka saya don amfani a Najeriya galibi ba ta aiki a kan turken wata ƙasa, sai a riƙa cira daga kuɗin kira a farashin romin har su ƙare, bidiyon kuwa bai kai rabi ba.

Ƙungiyar ECOWAS ta amince da dokar sassauta farashin romin a watan Disamban 2017, amma aiwatar da ita ya zo ne ta yarjejeniya tsakanin ƙasa da ƙasa, inda Ghana da Cote d'Ivoire suka fara a 2023.

Mafita mafi sauƙi ita ce a shiga saitin layin waya, a kashe zaɓen kamfani na kai-tsaye, a zaɓi kamfanin gida da hannu. Daga nan wayar ba za ta sake tsallakawa ba. Illar hakan ita ce duk inda sabis ɗin gida bai kai ba, wayar za ta zauna babu sabis, don haka mai shirin shiga Benin sai ya tuna ya mayar da saitin.

'Yan kasuwa da yawa na riƙe layi biyu a waya ɗaya, na Najeriya da na Benin, musamman a wayoyin Tecno da Itel da Infinix. Layi ɗaya ne ke ɗaukar data a lokaci guda, kuma ba abin mamaki ba ne a tarar an bar ta a kan wanda ba shi da ko sisi.

Ƙarfin sabis

Cikar sanduna ba ita ce shaidar intanet mai ƙarfi ba. Harafin da ke gefensu ya fi muhimmanci: E na nufin tsohon tsarin 2G, H ko 3G sun fi shi, 4G kuma ya fi su duka.

A kan E, gajeren rubutu kan wuce ba wahala. Amma idan gudun layin kilobit 100 ne a daƙiƙa, bidiyo mai nauyin megabait 5 zai ci kusan minti bakwai, idan ma bai yanke a hanya ba. A irin wannan hali ya fi a roƙi mai aikowa ya turo hoto guda a maimakon bidiyo.

Sauran dalilai

Kuskuren kwanan wata ko agogo na hana manhajar haɗuwa da rumbun kamfanin, abin da kan faru bayan an cire batir ko waya ta daɗe a mace. Najeriya da Benin agogonsu ɗaya ne, saboda haka tsallaka iyaka ba ya canja lokaci. A dai bar wayar ta riƙa saita shi da kanta.

Akwai kuma cikar ma'adana. Bidiyon wa'azi da na biki da ake turowa a zauruka kan cinye wuri a hankali, har a rasa inda sabon hoto zai zauna. Katin memori da ya lalace shi ma kan jawo haka. Wayoyin da Android ɗinsu bai kai na 5 ba kuwa, WhatsApp ya daina aiki a kansu tun watan Oktoban 2023.

Saƙon hoto na layin waya, wato MMS, shi ma yana buƙatar data a kunne da saitin intanet na kamfanin, wanda ofishinsu ko layin kula da abokan hulɗa ke turowa.

Abin da ba a gaggawar yi

Wasu masu gyara kan ba da shawarar a goge WhatsApp a sake ɗora shi. Matuƙar ba a adana kwafin hirarraki a Google Drive ba, hakan na iya tafiya da lissafin bashi da shaidar ciniki na shekaru, sa'annan sai an jira lambar tantancewa ta shigo layin, wanda a bakin iyaka ba kullum take zuwa ba.

Idan hoto ya daɗe ba a sauke shi ba, manhajar kan ce ba ya nan, sai mai aikowa ya sake turo shi. Ko da hoton shaidar biya ya sauka tsaf, ba shi ne kuɗi ba, domin ana iya ƙirƙirarsa. Abin dogaro shi ne a duba asusun banki a ga kuɗin sun shiga kafin a saki kaya.