Patti Smith

Patti Smith mawaƙiyar rok ce 'yar Amurka, kuma marubuciya. An haife ta a Shikago ranar 30 ga Disamba, 1946. A 1967 ta koma Niyok hannu rabbana, tana sayar da littattafai a kanti, daga baya ta zauna a wani ɗan ƙaramin ɗaki a otal ɗin Chelsea tare da mai ɗaukar hoto Robert Mapplethorpe. A hoton bangon faifanta na farko, Horses (1975), farar riga ta maza ta sa, ta rataya kwat a kafaɗa, ba kwalliya. Wannan tsayuwa ta ƙarfafa wa mata mawaƙa gwiwa ƙwarai. Waƙarta "People Have the Power" (1988) kira ce ga talakawa su san ƙarfinsu.