Amosanin Gaɓɓai Mai Kumburi a Damagaram: Duba Hannu Ya Fi Gwajin Jini Hujja

Tsakure

Maƙalar ta ƙalubalanci ra'ayin cewa amosanin gaɓɓai mai kumburi baƙo ne a wannan yanki, ta kuma nuna cewa ana iya gane shi a ƙananan asibitocin jihar Zinder ba sai da gwaji mai tsada ba.

Gabatarwa

Cutar, wadda likitocin Nijar ke rubutawa polyarthrite rhumatoïde, tana tasowa ne idan garkuwar jiki ta afka wa tantanin da ke lulluɓe da gaɓa. Tantanin ya kumbura, ya yi kauri, ya ci guringuntsi, daga bisani ya taɓa ƙashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu ɗauke da ita a 2019 sun kai miliyan 18, kusan kashi 70 cikin ɗari mata ne.

Waiwayen Ayyukan da Suka Gabata

A 1968 Greenwood ya ruwaito daga Ibadan cewa cututtukan garkuwar jiki ba su da yawa a tsakanin 'yan Nijeriya, ya alaƙanta hakan da yawan zazzaɓin cizon sauro. Sai dai waɗanda aka kwantar a asibitin koyarwa ya ƙirga. Matar da yatsunta suka kumbura ba kwantar da ita ake yi ba. Wurin wanzami take zuwa a yi mata ƙaho, ko ta sayi ƙwaya wurin mai talla. A 2010 Adelowo da abokan aikinsa sun bayyana majinyata 200 daga asibiti guda a Legas. Inda aka nemi cutar, an same ta.

Hanyar Bincike

An auna ƙa'idojin 2010 na ƙungiyoyin likitocin gaɓɓai na Amurka da Turai da abin da ma'aikacin lafiya a Mirriya ko Magariya ke iya yi da hannunsa.

Sakamako

Ƙa'idojin suna neman maki 6 cikin 10, bayan an ga gaɓa mai kumburi wadda wata cutar ba ta bayyana dalilinta ba. Gaɓɓai fiye da goma, da ƙarama aƙalla ɗaya a cikinsu, maki 5 ne. Ciwon da ya kai mako shida, maki 1. Ke nan an cika shida ba a ɗebi jini ba.

Tambayoyin da ma'aikacin lafiya zai yi ba su da wuya. Shin kumburin yana wuyan hannu da gindin yatsu, dama da hagu? Shin hannun kan sandare da asuba har kusan awa ɗaya, majinyaciya ta kasa riƙe buta ko taɓarya, sannan ya saki da motsi? Ciwon gwiwar tsufa akasin haka yake: aiki ke tada shi, hutu ya kwantar da shi.

Gwajin jini na RF kuwa yana iya ɓatarwa a nan, domin zazzaɓin cizon sauro, tarin fuka da ciwon hanta duk sukan sa ya nuna alama. Na anti-CCP ya fi shi tabbas, amma jiransa kan ci watannin farko, lokacin da magani ya fi ceton gaɓa. A wannan jira ne dikilofenak da deksametazon na 'yan talla ke rufe raɗaɗi, ƙashi yana ci gaba da lalacewa, hawan jini da ciwon suga suna biyo baya.

Ginshiƙin magani shi ne metotireksat, sau ɗaya a mako, bayan an duba lafiyar hanta. Ba a ba mai juna biyu.

Iyakar Bincike

Gaskiya ne an tsara ƙa'idojin don tantance majinyata a bincike, kuma a kan mutanen Turai da Amurka aka gina su. Wannan bai hana su zama dalilin tura majinyaci gaba ba.

Kammalawa

Duk wanda ƙananan gaɓɓansa suka kumbura dama da hagu har mako shida, a tura shi Babban Asibitin Ƙasa na Zinder. Ana kira ga Jami'ar André Salifou da ke Zinder ta buɗe rajistar masu cutar, ta koya wa ɗaliban lafiya duba hannu kafin rubuta takardar gwaji.